Wai laifin yaran ne ko namu, da ba su iya bincike a intanet ba?

Malam Mai Laburare:
Salamu alaikum 'yan uwa malamai da iyaye. Ku yi haƙuri yau zan ɗan ja rubutu don abin ya tsaya min a rai tun jiya. Ni aka ɗora wa kula da laburaren makarantarmu tun farkon zangon nan, ba wai don na karanci harkar ba, kawai ni ne mai ƙarancin darasi a jadawali, kun dai san yadda ake yi. To sati biyu da suka wuce na ba wa 'yan SS2 aikin gida, na ce kowa ya rubuto min shafi ɗaya a kan ganuwar Kano, wa ya fara gina ta, yaushe, kuma a ƙasa ya rubuta inda ya samo bayanin. Yara 46 ne a ajin, wallahi 31 abu ɗaya sak suka kawo min, har kuskuren rubutun iri ɗaya, wata ma har da tallan da ke ƙasan shafin aka buga mata ta kawo ba ta ma lura ba. Da na tambayi inda suka samo kowa sai ya ce min "Google ne Malam". Na ce to waye a Google ɗin ya faɗa? Sai kallona suke kamar na yi musu Faransanci. Yaran nan fa da yawansu ta ƙofar Na'isa ko Ɗan'agundi suke wucewa kullum su zo makaranta. Na so na yi faɗa sai na tuna ni ma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya min yadda ake nemo abu a intanet, da ka na koya. Shi ne na ce bari na kawo nan, masu laburare a makarantunsu ya kuke yi? Me ake fara koya wa yaro?

Ɗan Kurna:
Malam ai ka gode Allah ma kuna da laburaren. Namu tun bara aka mayar da shi sito, karyayyun bencina ne a ciki da buhunan alli, mukullin ma yana wajen wani da aka yi wa canjin wajen aiki. Kwamfutocin da aka kawo kuma suna ofis an lulluɓe su da leda sai in baƙi za su zo ake buɗewa. Ba wuta ba data, binciken me za a koya?

Mai Kafe:
Hhhh Malam Mai Laburare Allah ya sa ba a shagona aka buga ba. Gaskiya zan faɗa ko da za ku zage ni, mu ne muke yi musu. Yaro zai zo da 'yar takarda ya ce Yaya a yi min asayimen, in rubuta tambayar yadda take, abin da ya fara fitowa in kwafa in liƙa in buga masa ya ba ni kuɗina. In na biyu ya zo da tambaya iri ɗaya ai ba zan sake wahala ba, fayil ɗin yana nan, sunan kawai nake canzawa. Wani lokacin su da kansu suke cewa a ba su irin na wance. Ni kasuwa nake, amma ko ni abin yana damuna don ba wanda yake tsayawa ya karanta kafin ya naɗe ya sa a jaka.

Maman Amira:
Innalillahi. Wato kuɗin asayimen ɗin da ake karɓa a hannuna duk sati nan yake tafiya kenan. Allah ya shirye ka ƙanina.

Mai Kafe:
Amin Anti, amma ku ma iyaye ba kwa dubawa ai.

Baba Hedimasta:
Ni dai shekara 35 na yi ina koyarwa kafin na ajiye, kuma abin da zan ce ba zai yi wa matasan cikinku daɗi ba. Ba a nan gizo yake saƙar ba. Yaron da bai iya karanta sakin layi ɗaya ya faɗa maka abin da ya fahimta da bakinsa ba, ko ka ba shi kwamfuta goma kwafa zai yi. A zamaninmu in an ce ka je laburare za ka ja akwatin kati ka nemi sunan marubuci, ka ɗauko lamba, ka je kanta ka zaro littafi, ka duba fihirisar baya ka ga shafin da maganar take, ka zauna ka rubuta da hannunka. Wahalar nan ita take sa abu ya zauna a ka. Ku mayar da yara kan littafi tukuna, intanet ta jira.

Injiniya Na Fagge:
Baba da girmanka, Allah ya ƙara lafiya, amma intanet ɗin ba za ta jira ba don tana aljihunsu. Ko an hana waya a makaranta da sun koma gida wayar yayansu ko ta mamansu suke ɗauka. Kuma tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. In ba mu koya musu ba TikTok ne zai koya musu. Sannan littafin ma ai yana tsufa Baba, akwai laburaren da na shiga na ga littafin labarin ƙasa da har yanzu Haɗeja da Gumel da Kazaure suna cikin jihar Kano, alhali tun 1991 aka fitar da Jigawa. Yaron da ya kwafa daga nan shi ma ya faɗi, ko da kuwa da hannunsa ya rubuta.

Baba Hedimasta:
Wannan kuma gaskiyarka ce ɗana. Amma da an koya masa ya duba shekarar bugu a bayan shafin farko da bai faɗa ramin ba.

Injiniya Na Fagge:
To ai magana ɗaya muke Baba, shi ma shafin intanet kwanan watansa ake dubawa.

Malama Ta Laburare:
Bari na sa baki tunda ni abin da na karanta kenan a BUK, kuma shekara ta bakwai ina riƙe da laburaren wata makarantar 'yan mata. Malam Mai Laburare abu na farko kar ka fara da kwamfuta sam. Ni satin farko da na biyu ko kunna ta ba na yi. Matsalar yaranmu ba su san me suke nema ba, tambayar malam suke ɗauka ɗungurungum su zuba a akwatin bincike har da "rubuta shafi ɗaya a kan". Sai na rubuta tambayar a allo na ce su zagaye kalmomi biyu ko uku da in an cire su tambayar ta mutu, sauran duk mu goge. A taka tambayar abin da zai rage shi ne ganuwa, Kano, wanda ya gina. Daga nan sai na ce kowace kalma a nemo mata 'yar uwa, ganuwa ana ce mata badala, da Turanci kuma me ake cewa, haka dai. Wannan a kan allo da alli ake yi, Ɗan Kurna ka ji, ba ya buƙatar wuta.

Sai kuma fihirisar da Baba ya ambata, wallahi ita ce gadar. Yarinyar da ta iya neman kalma a fihirisar bayan littafi ta riga ta gane abin da Google yake yi, don shi ma fihirisa ce ƙatuwa, ba shi ya rubuta bayanan ba, nuna maka yake ga inda kalmarka ta fito. Ranar da yara suka gane wannan daga ranar suke daina cewa "Google ne ya faɗa". Nakan ce musu in kin tambayi ɗan adaidaita ya kai ki Kurmi kin sayo turare, in an tambaye ki wa ya sayar miki sai ki ce ɗan adaidaita? Sai su yi ta dariya amma ya zauna.

Lambobin kanta ma ina koya musu sama-sama, tsarin nan na Dewey da aka fara tun 1876, ba haddacewa za su yi ba, su dai san 500 kimiyya ce, 900 tarihi da labarin ƙasa, 297 nan littattafan Musulunci suke, tarihin Najeriya kuma 966.9. In ta je babban laburare irin na Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello ba za ta tsaya tana zare ido ba.

Malam Mai Laburare:
Malama Allah ya saka da alheri, misalin ɗan adaidaitan nan na sace shi gobe gobe. Amma in an zo kan kwamfutar fa? Muna da guda huɗu masu aiki da 'yar sola da tsofaffin ɗalibai suka sa mana.

Injiniya Na Fagge:
Huɗu ai dukiya ce. Ka raba su rukuni rukuni, kuma ka tabbata ba yaro ɗaya ne yake riƙe da madannai kullum ba don akwai masu bakin iyawa da suke danne sauran. Dabarun ba su da yawa. Ka sa su rubuta dala kawai su ga abin da zai fito, farashin dala a kasuwar canji ne zai cika musu fuska, sannan ka ce su rubuta "Dutsen Dala" a tsakanin alamar zance, sai ya kawo inda kalmomin biyu suka zo a jere. A nan take za su ga bambanci ba sai ka yi dogon bayani ba. Haka sunan Kano kansa, akwai Bajapanen da ya ƙirƙiro wasan judo sunansa Kano, in ya dame ku sai a sa alamar ɗebewa a manne da kalmar da ba a so, kamar -judo, ya fita daga sakamakon. In kana son bayani daga shafukan gwamnati kawai ka ƙara site:gov.ng a ƙarshe, na jami'o'inmu kuma site:edu.ng, in takardar da za a sauke kake so ka sa filetype:pdf. 'Yan SS3 masu ɗan ƙoƙari ka nuna musu Google Scholar, wajen neman rubuce-rubucen masana, da AJOL inda ake tara mujallun binciken Afirka, ko ba su gane komai ba su san akwai wata duniya bayan shafin farko.

Kuma don Allah ka nuna musu waɗanda suke fitowa a sama an rubuta musu alamar talla, kuɗi aka biya aka sa su a nan, ba don sun fi gaskiya ba.

Malama Ta Laburare:
Wannan na tallan ba yaranmu kaɗai ba ne. A 2016 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada ɗalibai, sama da kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙaramar sakandare ba su iya bambance talla da aka yi wa kwalliyar labari da labarin gaske ba. Yaran da aka haifa da kwamfuta a ɗaki kenan fa. Wato iya latsa waya daban, iya tantancewa daban.

Alaramma Na Mandawari:
Ina ta karantawa ina murmushi. Jama'a abin da kuke ta kewayawa a kai ai muna da shi a gida sama da shekara dubu, sunansa isnadi. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun ce wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, sun haɗu kuwa, mai gaskiya ne, haddarsa tana da kyau? Abdullahi ɗan Mubarak yake cewa isnadi yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama, yana nan a gabatarwar Sahihu Muslim. Ga kuma aya ta 6 a Suratul Hujurati da aka ce in fasiƙi ya zo da labari a yi bincike. Yaran nan naku duk suna zuwa Islamiyya da yamma, yarinyar da za ta ce maka wannan hadisin da'ifi ne ita ce kuma da safe za ta kwafo shafin da ba sunan marubuci ba kwanan wata ta miƙa maka. A kanta abin ya rabu biyu, ba wanda ya taɓa gaya mata ilimi ɗaya ne. Malam ka shiga aji ka ce musu kawo min isnadin wannan maganar, ka ga yadda za su gane nan da nan.

Malam Mai Laburare:
Allah ya gafarta Malam wallahi ka buɗe min ido. Ni kaina ban taɓa haɗa su ba.

Malama Ta Laburare:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ai abin da ƙwararrun masu tantance labari suke yi kenan. Ba sa zama a cikin shafi suna kallon kyansa, fita suke su buɗe wani wajen su bincika su waye masu shafin nan, me wasu suka ce a kansu. Mai ruwaya ba shi yake ba wa kansa shaida ba.

Abban Sadik:
A gafarce ni, ni ba malami ba ne ɗan kasuwa ne a Kwari, amma wannan darasin manya ma suna buƙata. Ku tuna watan Agusta na 2014 lokacin Ebola, da asuba aka dinga buga waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har da masu digiri suka yi, mutane suka kwanta a asibiti wasu ma suka rasa ransu. Ni ma na yi wankan ba zan ɓoye ba. Ba wanda ya ce wa ya faɗa. To yanzu ma kullum sai an turo mana hoto a rukunin gidanmu an ce jiya ne a wuri kaza, ashe na wata ƙasar ne tun shekarun baya.

Injiniya Na Fagge:
Alhaji wannan da Google Lens ake kama shi, ka sa hoton ya nuno maka wuraren da ya taɓa fitowa da shekarunsu. Minti biyu ne. Yara suna son wannan darasin sosai don kamar aikin ɗan sanda ne, in sun kama hoto ɗaya na ƙarya sai ka ga har gida suna yi wa iyayensu gyara.

Hajiya Mai Atamfa:
Salam 'yan uwa akwai sabbin atamfofi da leshi sun iso masu buƙata su yi min magana ta gefe

Admin:
Hajiya don Allah ranar Juma'a ce ranar talla, mun sha faɗa. A ci gaba.

Maman Amira:
Ni tsorona daban ne. Ku kuna maganar bincike ni ina tunanin abin da yarinya za ta gani in an sakar mata intanet, kalma ɗaya za ta rubuta ba daidai ba abin da ba a so ya fito. Shi ya sa babansu ya hana su taɓa waya kwata-kwata, shi ya sa kuma muke ba da kuɗin kafe. Ashe gudun gara muka yi muka faɗa gidan zago.

Malama Ta Laburare:
Maman Amira tsoronki yana kan hanya, kuma shi ne ma dalilin da ya sa laburaren makaranta ya fi ko'ina dacewa. A nawa fuskar kowace kwamfuta tsakiyar ɗaki take kallo ba bango ba, ina zaune ina ganin kowa, an kunna SafeSearch, matacin nan na Google da ke tare abubuwan batsa, kuma ba mai zama ita kaɗai. Ba zan ce miki yana tare komai ɗari bisa ɗari ba, amma ya fi ta koya a ɓoye a wayar ƙawarta cikin bargo. Kuma ina gaya musu ƙarara kar a sa suna ko lambar waya ko hoto a shafin da ya ce ka ci kyauta ko ga tallafin karatu cike nan, don yanzu da wannan ake yaudarar 'yan SS3. A gida kuma ki zauna kusa da ita ku nema tare ko minti ashirin ne, ke ma za ki ƙaru.

Ɗan Kurna:
Duk na ji amma har yanzu ba wanda ya amsa min maganar data. Wa zai saya? Malamin da albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata?

Injiniya Na Fagge:
Akwai Kiwix, manhajar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, kyauta ce. Sau ɗaya za ka je inda intanet take da ƙarfi ka sauke Wikipedia a filashi, ta Hausa ba ta da nauyi, ta Turanci kuma akwai wadda aka cire wa hotuna don ta yi sauƙi, sai ka zuba a kwamfutocin, yara su yi ta nema ba ko sisin data. Ba ita ce intanet ba amma za a koyi zaɓen kalma da bin mahaɗi da duba madogara. In ka samo mukullin sitonku ni zan zo na sa muku da kaina.

Malamin Tarihi:
Tsaya Injiniya, Wikipedia kuma? Ni a ajina duk wanda ya kawo min ita sifili ne. Shafin da kowa zai iya shiga ya canza, ko Mai Kafe zai iya rubuta cewa kakansa ne ya gina ganuwa.

Mai Kafe:
Malam ni me na yi maka kuma hhhh

Injiniya Na Fagge:
Zai iya rubutawa amma akwai tarihin gyare-gyare a saman kowane shafi, kowa yana ganin wanda ya canza da lokacin, kuma a shafukan da ake yawan shiga ba ya daɗewa ake gogewa. Ni ban ce a kafa hujja da ita ba. A shiga ta nan a gangara ƙasa wajen madogara a bi su. In ka hana su gaba ɗaya ba dainawa za su yi ba, ɓoye maka za su yi su ce daga littafi ne.

Malamin Tarihi:
To ta Hausar fa? Wasu shafukan da inji aka fassara su, Hausar ko kai ba za ka gane ba balle yaro, wasu kuma layi uku ne ba madogara ko ɗaya.

Injiniya Na Fagge:
Wannan kam ban musa ba, akwai masu kyau akwai na shirme. Amma masu sa kai ne suke rubutawa, irinku masana in kun shiga kun gyara ai da ta fi haka.

Malamin Tarihi:
Za mu gani. Bari dai na koma kan tambayar Malam ta asali don akwai darasi a cikinta da ya fi duk dabarun nan. Abin da aka sani shi ne littafin Tarihin Kano, wanda Baturen mulkin mallaka Palmer ya fassara zuwa Turanci aka buga a 1908, shi ya ce Sarki Gijimasu jikan Bagauda ne ya fara ginin ganuwa, ana sa mulkinsa daga 1095 zuwa 1134, daga baya aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka kuma ƙara bayansa. To in yaro ya buɗe shafi goma duk suka ce Gijimasu sai ya ɗauka shaidu goma ya samu, alhali duk daga rijiya ɗaya suka ɗebo. Alaramma zai fi ni sanin sunan wannan a ilimin hadisi. Kuma shi kansa littafin an rubuta shi ne ɗaruruwan shekaru bayan Gijimasu, daga abin da aka riƙe a ka ana ba da labari, shekarun ma lissafi aka yi daga tsawon mulkin kowane sarki. Ba ina cewa ƙarya ba ne, ina cewa yaron SS2 ya isa ya rubuta "in ji Tarihin Kano" maimakon ya rubuta kamar yana wajen aka kwaɓa ƙasar.

Wani abu kuma, rubutun suna. A fassarar Palmer Rimfa aka rubuta ba Rumfa ba, in ba ka gwada duka biyun ba tsofaffin rubuce-rubuce za su wuce ka. Haka masu ƙugiya, yawancin mutane a intanet kasa suke rubutawa a maimakon ƙasa, kofa a maimakon ƙofa, sai yaro ya gwada da ƙugiya ya gwada babu. Kuma a gaya musu gaskiya, abin da aka rubuta a kanmu da yawansa bai hau intanet ba. Mai neman tarihin NEPU da aka kafa a nan Kano a 1950 ya je Mambayya a Gwammaja, mai neman kayan tarihi ya je Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, wani abin kuma sai a bakin tsohuwar da ke cikin gidanku. Ita ma madogara ce, a rubuta sunanta da ranar da aka yi hirar.

Alaramma Na Mandawari:
Haka ne Malam, in hanyoyi sun yi yawa amma duk a kan mutum ɗaya suke haɗuwa, to shi ɗin ne madogarar, ba a ƙirga su goma.

Ɗan Jami'a:
Ni fa ina ganin duk wahalar nan ta kusa ƙarewa, tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 waye yake tsayawa buɗe shafi goma? Ka tambaya ya ba ka amsa a shirye har da Hausa.

Malama Ta Laburare:
Ƙanina wannan ne ma ya sa darasin ya zama dole. Da in yaro ya kwafo ina iya ɗaukar layi ɗaya na nema na kamo shafin, yanzu kowa da irin nasa kuma ba isnadi ko kaɗan. Ni na gwada ɗaya daga cikin manhajojin nan na ce ya ba ni littattafai biyar a kan rini a Kano, ya jero su tsaf da sunan marubuta da shekara, na nema sama da ƙasa biyu daga ciki babu su a duniya. A Amurka ma a 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun miƙa mata shari'o'in da manhajar ta ƙirƙiro ba su duba ba. Lauyoyi fa. Ban hana 'yan matana amfani da shi ba don na san ba zan iya ba, sharaɗina dai duk abin da ya faɗa miki sai kin nemo shi a wani wuri mai suna da kwanan wata, in ba ki samu ba kar ya shiga takardata.

Baba Hedimasta:
To ku ma malamai ku canza irin aikin da kuke bayarwa mana. In ka ce rubuto tarihin ganuwa ka san kwafa za a yi. Ka ce ya je ƙofar da ta fi kusa da gidansu ya zana abin da ya rage, ya tambayi dattijo ɗaya a unguwar yadda take lokacin yana yaro, sannan ya gwada da abin da ya karanta. Wannan wane kafe ne zai buga masa?

Mai Kafe:
Baba so kake ka kashe min kasuwa kenan

Malama Ta Laburare:
Baba ya gama magana. Ni har maki nake rabawa, rabi na amsar rabi na hanyar, a bayan takarda ta rubuta kalmomin da ta nema da su, shafukan da ta buɗe, wanne ta yarda da shi wanne ta watsar kuma me ya sa. Misalin da na fi so shi ne yawan mutanen Kano, don kowane shafi da lambarsa. Sai sun wahala sannan su gano wani jiha yake nufi wani birni, wani ƙidayar 2006 ce da ta ba wa jihar wajen miliyan 9.4, sauran kuma hasashe ne aka ɗora a kanta. Yarinyar da ta gano wannan da kanta ba za ki sake rufe ta da lamba ba. Abin da ya fi ba ni wahala ba yaran ba ne, samun darasi ɗaya a jadawali ne, sai da na yi zango biyu ina bin firinsifal kafin aka ba ni minti arba'in a sati, shi ma in jarrabawa ta matso malamin lissafi ne yake ƙwacewa.

Malam Mai Laburare:
Jama'a na gode ƙwarai. Abin da zan yi, takardun nan 31 ba zan ba su sifili ba, zan mayar musu ranar Litinin na ce kowa ya nemo min wanda ya rubuta abin da ya kawo da shekarar da aka rubuta, mu fara daga nan. Malama in ba damuwa ki turo min yadda kike tsara satin farko da na biyun nan. Injiniya kai kuma filashi mai girman nawa zan nema?

Injiniya Na Fagge:
Ka bari na duba girman fayil ɗin na yanzu na gaya maka da daddare, kar ka saya tukuna don akwai na jabu da yawa a kasuwa. Ɗan Kurna ina maganar mukulli?

Ɗan Kurna:
Na kira shi, wai yana ganin ya bar shi a aljihun wata rigarsa a ƙauye, sai ya je gida ƙarshen wata zai duba.

Baba Hedimasta:
Ku fasa kwaɗon mana, nawa ake sayar da sabo?